Yadda Za Ka Yi Kilomita Ɗari Uku A Jirgi Mara Inji Ranar Auren 'Yarka

Matso kusa, ɗan'uwa. Idan kana tuƙa jirgi mara inji, kana da 'ya mace, kuma ranar aurenta ta faɗo daidai ranar da sama ta fi kyau a shekara, to ka zo inda ya dace. Ni ne Vilmos. Shekara talatin ke nan ina tashi daga filin ciyawar kulob ɗinmu da ke gaba da ƙauyen Kisberek. Sau goma sha ɗaya na fita neman lambar yabo ta kilomita ɗari uku, sau goma sha ɗaya aka je da tirela aka kwaso ni da jirgina a gonakin mutane. Ka ga kuwa babu wanda ya fi ni sanin hanya. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka tashi, za ka sauko, kuma za a yi auren. Waɗannan ukun ban taɓa ganin sun ƙi faruwa ba.

Mataki na 1: Ka tabbatar wa kanka ba laifinka ba ne

Ba kai ka sa ranar ba. Mata ne suka zauna tun cikin sanyi suka zaɓi wata Asabar a watan Yuli, ba su tambaye ka ba, ba su tambayi sama ba.

Da safe ka fita tsakar gida kamar mai duba ko an jera tebura. Jiya an yi ruwa ya wanke iska tas, yau kuma ga gajimarai farare masu shimfiɗaɗɗen gindi sun fara fitowa a jere, kamar burodi a faranti. Kada ka ɗaga kai. Da wutsiyar ido za ka kalla. Ni a nan na kuskure, don tawa 'yar, Boróka, a filin jirgi ta girma, ta san wuyan ubanta. Ta leƙo ta taga, rabin kanta a gyare, rabi a tsefe.

"Baba, na ga abin da kake kallo."

"Tebura nake ƙirgawa."

"A sama aka jera su?" Ta ɗaga kai ita ma. "Kai, amma yau akwai rana. To ka ji ni da kyau. Ƙarfe huɗu dangin ango za su zo da masu goge, Kálmán mai sandar biki zai tsaya a ƙofa ya roƙe ni. Uba ne ke fitowa ya ba da 'ya. In ba ka nan, Kawu Aladár zai ba da ni. Wata guda ke nan yana haddace jawabi."

Aladár yayan matata ne. Tun ranar aurena yake gaya wa mutane ƙanwarsa ta auri tsuntsu. Ka riƙe sunan nan, kai ma a danginka akwai irinsa.

Yanzu ka nemi dalilin fita, kuma dalilin ya zama na gaskiya, don ƙaryar ranar biki ba ta kai wa azahar. Ni na ce wa Etelka, matata, bencinan zama ba za su isa ba, bari in je kulob in aro.

"Vilmos, zuwa da dawowa awa ɗaya ne."

"Sai an kwance su tukuna."

"Benci ake kwancewa?"

Kada ka amsa. Ka sumbace ta a kumatu ka fita da sauri irin na mai hidima.

Mataki na 2: Ka samu wanda zai sha zagi a madadinka

Kowane matuƙi yana da mutum ɗaya a ƙasa wanda Allah ya jarrabta da shi. Nawa Tibor ne, mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda ya ja tirelar nan duka sau goma sha ɗayan. Ka loda masa bencinan a mota, ka sa masa ƙaramar rediyon magana a aljihun kwat, ka tura shi gidan biki.

"Ba ka da hankali," zai ce maka. "Wallahi ba ka da shi."

"Ƙarfe sha ɗaya zan tashi, uku na sauka, uku da rabi ina ɗaure da nakatayi."

"In Etelka ta tambaye ni fa?"

"Ka ce ina tafe."

"Ta ina?"

"Wannan ba za ta tambaya ba."

Za ta tambaya. Amma a lokacin kai ka cika fukafukanka da ruwa don jirgi ya yi nauyi ya ƙara gudu, jirgi mai inji ya ja ka da igiya ya kai ka sama, kuma a can babu surukai.

Mataki na 3: Da hantsi ka zama mai girman kai

Jirginka ba shi da abinci sai iskar ɗumin da ke tashi daga gonaki in rana ta gasa su, wadda muke ce wa termik. Ka shige ta ka yi ta kewayawa har ta kai ka gindin gajimare, sannan ka miƙe ka kashe tsawon da ka tara a kan tafiya, ka nemi wata. Akwai 'yar na'ura a gabanka, tana tsuwwa in kana hawa, tana gurnani in kana sauka. Da ita kaɗai za ka yi shawara yau.

Da hantsi sama tana da arziki, saboda haka ka yi zaɓe. Wadda ke ɗaga ka da ƙarfi har ka ji kujera ta tokare ka, ita za ka tsaya wa. Mai rauni kuwa ka wuce ta kamar ba ka taɓa ganinta ba, yadda kake wuce Aladár a kasuwa. Ka tura hanci ƙasa, ka bi layin gajimarai, kada ka hau har ƙarshe in ta fara gajiya. Hanyar lambar nan kusurwa uku ce, ka kewaya wurare biyu ka dawo filin kulob. Ni a haka na kewaya kusurwa ta farko a kan rumbun alkama, na kewaya ta biyu a kan gadar jirgin ƙasa, agogo bai kai ɗaya da rabi ba. Na kira Tibor.

"Gaya musu su ɗora ruwan wanka."

"An ɗora miyar kaza dai. Matarka ta tambaye ni sau huɗu."

"Ka ce me?"

"Na ce kana tafe. Ta kalli sama, ta kalle ni, ta ba ni buhun albasa in yanka."

Wata hikima a nan: mutumin da ke yanka albasa ba a gane ko kuka yake yi da kai.

Mataki na 4: Idan sama ta canja fuska, ka yi kamar ba ka gani ba

A hanyar komawa akwai kogin Tisza, kuma can ne ruwan jiya ya fi sauka. Ƙasa a jiƙe take, rana tana dukanta a banza. Za ka hango gajimarai sun ƙare ƙat a bakin kogi, gaba sai shuɗi zalla, fes, babu ko ɗigo.

Malaman kulob za su ce maka a nan ne ake canja tafiya. Wai ka tsaya a gajimare na ƙarshe ka hau har sai kanka ya taɓa shi, ka rage gudu, ka riƙa karɓar duk abin da aka ba ka. Sun faɗi gaskiya. Amma su ba su da aure ƙarfe huɗu, kuma ba su ji daɗin da ka ji da hantsi ba. Ka dubi agogo, ka ce wa kanka minti goman da za ka ɓata a hawa ya isa aski. Ka tura hanci ka shiga shuɗin nan da gudunka na safe.

Na san za ka ce to ai wannan kuskure ne. Ƙwarai kuwa. Sai dai irin kuskuren da ba a gane shi a ƙasa ne, ko a aji, ko a bakin wani. A mita ɗari huɗu ake gane shi, lokacin da ka fara bambanta saniya da ɗan maraƙi.

Mataki na 5: Ka zubar da ruwa, ka zubar da sauran

Yanzu na'ura gurnani take yi ba numfashi, gumi ya jiƙa maka baya. Ka zaɓi gonar da za ka sauka. Ni na zaɓi wata da aka girbe, doguwa, mai kyau, a ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu daga gidana, kuma direbana yana can yana yanka albasa.

Ka buɗe famfon fukafukai. Nauyin da ya sa ka gudu da safe shi ne zai binne ka yanzu. Ruwan zai fita ta baya kamar farar wutsiya, ya sauka a kan wanda rabonsa ne. Nawa ya samu wani mai keke a hanyar gona. Ya tsaya ya dubi sama, babu hadari, ya yi alamar giciye ya ƙara wuta.

Daga nan ka zama maroƙi. Duk abin da ya ɗan ɗaga fiffike ka juya masa, ka yi masa ladabi. Wadda ka wuce da safe kana hura hanci, yanzu da za ta zo da ka kira ta ranki ya daɗe. Ka nemi injin girbi mai tayar da ƙura, ka nemi rufin kwano, ka nemi shamuwa. Ni shamuwa ce ta cece ni. Na hango ta tana kewayawa a kan wani garken tumaki ba ta kaɗa fiffike, na lallaɓa na shiga ƙarƙashinta. Ta karkato kai ta dube ni irin kallon da Etelka ke yi mini in na shigo da takalmi.

A wannan tsawon rediyo ba ta kai wa gida. Ka danna, ka kira, shiru. Kada ka yi murna da shirun nan, don a cikinsa ne tunani ke shigowa. Ni sai na tuna yarinyar nan tana 'yar shekara tara, tana riƙe mini bakin fiffike tana gudu da shi a ciyawa har jirgi ya fizge, ta tsaya tana haki tana ɗaga hannu. Ban taɓa jin tsoron gona ba, gonaki sun san ni. Ranar nan na ji tsoro, na ji kunya, kuma na zagi kaina da sunayen da ko Aladár bai taɓa kirana da su ba.

Amma hannu kada ya ji abin da zuciya ke ji. Ka kewaya a hankali, a hankali, kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. Kusan awa guda na yi a bayan tsuntsuwar nan kafin na'ura ta tuna tana da wata murya ban da gurnani.

Mataki na 6: Ka bar al'ada ta yi maka aiki

Da ka ɗan yi sama rediyo za ta farka.

"Vilmos! Vilmos, kana raye, ɗan banza?"

"Aiki nake yi. Ƙarfe nawa a wurinku?"

"Irin na wurinka! Sun iso. Masu goge sun cika layi, Kálmán ya daki ƙofa da sanda, ya zuba baitinsa na farko. Kana ina?"

"Kusa."

Saura kilomita sittin. A sama wannan kusa ne.

Ga inda kakanninmu suka yi maka tanadi. Ka san ba a fito da amarya a roƙon farko. Sai an lulluɓe wata an turo, ango ya ɗaga mayafi ya ce ba ita ba ce, a yi dariya. Ɗaya ake yi, in gidan masu son wasa ne a yi biyu. Babu dai inda aka rubuta iyaka.

"Ku fito da Kaka Manci," na ce.

"An riga ka. 'Yarka ta sa an cire labulen falo an yafa mata."

Kaka Manci ta haura tamanin, haƙorinta biyu. Levente, angon, yaro mai kunya da ke gyaran injin noma, ya ɗaga labule ya ce da ladabi, "Kaka, ba ke ba ce." Ta riƙe masa hannu gam ta ce ita dai ta ji ta gani, tana so, a wuce coci. Sai da maza uku suka ɓamɓare ta. Wannan kaɗai ya ba ni mita ɗari biyar.

Kai kuma aikinka a nan shi ne kada rediyo ta tuƙa maka jirgi. Rana ta fara sanyi, termik sun yi nisa da juna, sun yi laushi. Gudun safe ya wuce, roƙon tsakar rana ma ya wuce, yanzu tafiyar dattijo za ka yi: matsakaiciya ka karɓa, ƙarama ka ɗan ɗanɗana ka wuce. Duk sanda Tibor ya yi ihu hannunka zai so ya tura hanci ƙasa. Ka ce masa a'a.

"Ta biyu ta fita, maƙwabciyarku. Ta uku mai dafa kabeji ce, da ludayinta a ƙarƙashin mayafi."

"Kálmán fa?"

"Baitocinsa sun ƙare, ya koma na farko. Uwar ango ta fara tambaya ko gidan nan 'ya'ya mata nawa ne."

"Aladár?"

"Ya sa kwat. Yana gaban madubi yana gyaran murya."

Ta huɗu mai raba wasiƙu ce, wadda ta shigo kawo saƙon taya murna kawai. Ta biyar ban ji ko wace ce ba, ina fama da wata termik mai gardama a kan masana'antar bulo.

Mataki na 7: Lissafin ƙarshe

Akwai lokacin da za ka duba na'ura ta ce maka ka isa. Ba ka bukatar ko hawa ɗaya kuma, ka miƙe kawai ka zurara har filin kulob, ka tsallaka layin ƙarshe, lamba ta zama taka. Shekara talatin ina jiran na'urar nan ta faɗa mini haka. Da ta faɗa sai da na ƙwanƙwasa gilashinta, ko wasa take yi.

Hanyar ta bi ta kan Kisberek. Ga hasumiyar coci, ga layinmu cike da mutane, ga rumfar da na ce zan taya kafawa. Filin kulob yana gaba da kilomita goma sha ɗaya, a sama minti biyar. Amma daga can zuwa gida sai ka sauka, ka nemi mota, ka zagaya ta gada, ka jira shingen jirgin ƙasa.

Rediyo ta yi magana ƙasa-ƙasa da muryar Tibor, kamar daga cikin bargo.

"Vilmos. Ina cikin labule."

"Me?"

"Ni ne ta ƙarshe. Mata sun ƙare, labule ya ƙare, wannan ma na banɗaki ne. Sun sa mini jan baki, Vilmos. Shekara talatin ina jan tirelarka, ga inda ka kawo ni."

"Ka riƙe su rabin awa."

"Da wane kyan? Yaron ya hango gashin bakina tun daga ƙofa!"

Sai aka yi ƙarar fizga, muryar Etelka ta shigo. Ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi ihu muni.

"Vilmos, ni ce. Boróka ta daina raba labule. Tana zaune a bakin gado da furanninta a cinya. Dangin yaron nan sun daina dariya. In Tibor ya shigo, yayana zai fita."

To, a nan littattafai ba su da abin cewa, sai ni. A hagunka akwai mariƙin birkin iska. Ka ja shi. Faranti biyu za su miƙe a kan fukafukai, jirgi ya yi ruri ya fara faɗuwa kamar an yanke masa igiya. Duk tsawon da ka roƙa a bayan shamuwa, mita bayan mita, ka zubar da shi a kan rufin ƙauyenku cikin minti biyu. Kada ka kalli gaba inda filin kulob yake ƙyalli. Ni na kalla, kuma ba na ba ka shawara.

Mataki na 8: Ka shiga gida kamar haka ka shirya

Bayan coci akwai gonar alkama da aka girbe. Ka sauka a cikinta, ka bar jirgi a nan, ka tsallaka shingen lambu biyu da karen mutane ɗaya. Za ka iso da gajeren wando, da hular rana, da ƙaiƙayi a safa, fuska fari fat da man kare rana. Kowa ya riga ya ga ka wuce ta kan rumfa kana shewa, saboda haka kada ka ambaci benci.

Tibor na tsaye a ƙofa da labulen banɗaki a kafaɗa. Aladár ya buɗe baki ke nan ya ce "'Yan'uwa da abokan arziki," sai ya gan ni, ya rufe. Etelka ta zura mini kwat a kan rigar gumi, ta ja kwalar da ƙarfin da ya wuce na gyara.

"Za mu yi magana," ta ce.

"Na sani."

"Ba yau ba. Shiga."

Boróka ta miƙe daga bakin gado. Ban taɓa ganinta da farar riga mai jan ƙasa ba, ni da wandon aiki da man giris na san ta. Idonta ya yi ja. Ta dube ni daga hula har safa, na jira abin da na cancanta.

"Nawa ya rage?" ta ce.

"Sha ɗaya."

"Tsawonka ya isa?"

"Har da saura."

Ta san abin da sha ɗaya ke nufi, da ita aka yi rabin tafiye-tafiyen kwaso ni da tirela. Ta sa yatsa ta share mini man da ke hancina, ta saƙala hannunta a nawa.

"Mu je, Baba. Kálmán ya kusa mutuwa."

Da gaske ne. Muryarsa ta dushe, ƙyallayen adon sandarsa sun yi laushi, baiti ko ɗaya bai rage masa ba. Ya dube ni ya ce a fili, ba waƙa ba kari, "Vilmos, don girman Allah, ka ba mu yarinyar nan mu tafi."

Kashedi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka in ka bi ta. Ba ruwana da mai gonar bayan coci, ko mai keken da ya fara zuwa coci kullum, ko hotunan biki da za a rataye a falo har abada da gwiwoyinka a waje. In matarka ta ɗage maganar da za ku yi har lokacin girbi ya wuce, tana kallonka kawai a kan miya, kai ka jiyo. In abokinka ya ce daga yau ka nemi wani ya ja maka tirela, ba ni na sa masa jan baki ba. Lamba kuwa ban taɓa cewa za ka samu ba, koma ka karanta alkawarin.

Abu ɗaya ne ya kamata wani ya gaya mini tun da safe, ba wanda ya faɗa, kuma shi ma ba na ɗaukar nauyinsa. Yini guda kana tsere da rana don ka iso a kan lokaci, kuma in ka iso, ba da ita za ka yi. Yaron zai miƙo hannu, goge zai yi shiru, layi guda na kallonka. Kálmán sai da ya roƙa sau uku kafin na iya buɗe yatsuna, kuma wannan ba ya cikin al'ada. A nan ba ni da dabarar da zan koya maka.